Inshorar siririn jirgin ruwa a Ingila: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin saye

A Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa, wato kanal, da aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar kwal da kayan masana'antu. Jiragen da aka ƙera domin su sirara ne, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10, tsawonsu kan kai ƙafa 70, mutanen ƙasar na ce musu narrowboat. Yau kwal ya tafi, mutane ne a ciki: wasu na hutun ƙarshen mako, wasu kuma nan ne gidansu dare da rana. Ɗan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can, wanda tsadar haya a Landan ko Oxford ta sa ya fara leƙen tallan jirage, da wuya inshora ta fara faɗo masa a rai. Amma ba zai sa jirgin a ruwa ba sai da ita, kuma ranar da tsautsayi ya zo, abin da aka rubuta a takardar ne zai yi magana.

Dole ne sai na yi inshora?

Dole ne. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012 kuma take kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000, ba ta ba da lasisi sai ka cika sharuɗɗa uku da dokar 1995 ta gindaya: takardar shaidar lafiyar jirgi, wurin ajiye shi ko alkawarin cewa za ka riƙa tafiya da shi, da kuma inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wani. Wannan ta ƙarshe ba za ta gaza fam miliyan 2 ba.

Ba duk ruwa ne a hannun wannan hukuma ba. Kogin Thames daga Teddington zuwa sama da kogunan gabas irin su Nene da Great Ouse suna ƙarƙashin hukumar kula da muhalli, Environment Agency, tafkunan Norfolk kuma suna da tasu hukumar. Kowace na neman inshora. Idan kana da ta fam miliyan 2 ko fiye, ba za ka sha wahala a ko'ina ba, kuma kamfanoni da dama na ba da fiye da haka ba tare da ka roƙa ba.

Mene ne bambancin ƙaramar inshora da cikakkiya?

Duk wanda ya taɓa sabunta takardun mota a Kano ko Kaduna ya san bambancin. Ƙaramar tana biyan wanda ka yi wa ɓarna: ka daki jirgin wani, ka karya ƙofar ruwa, baƙo ya zame a kan jirginka ya karye. Naka jirgin kuwa, ko ƙonewa ya yi ƙurmus, ba ruwanta. Cikakkiyar ta haɗa da wancan duka, sannan ta ƙara da gobara, sata, nutsewa, karo da ɓarnar 'yan iska a jirginka.

Ra'ayina a nan a fili yake. Idan jirgin ne gidanka, ko kuma ka zuba masa kuɗin da ba za ka iya sake tarawa ba, ka ɗauki cikakkiya. Ƙaramar ta dace da tsohon jirgi mai araha wanda mai shi ke gyarawa a hankali, ko wanda kamfanoni suka ƙi karɓa saboda halin ƙarfensa. Ko a hakan ma akwai layi ɗaya da ba zan yarda kowa ya tsallake ba, shi ne kuɗin tsamo jirgi idan ya nutse.

Ruwan nan bai kai wuyan mutum ba a yawancin wurare. Ta yaya jirgi zai nutse?

Wannan ce tambayar da sababbin shiga suka fi yi, kuma amsarta tana a lok. Lok wani ɗaki ne na bulo ko dutse mai ƙofofi gaba da baya, inda ake cika ruwa ko a zubar don jirgi ya hau tudu ko ya sauka. A ƙarƙashin ƙofofin sama akwai dakali na dutse wanda ruwa ke rufewa idan lok ɗin ya cika. A bakin lok ɗin za ka ga farin layi da aka shafa da fenti, yana nuna inda dakalin ya tsaya.

Ga yadda abin ke faruwa. Jirgi ya shiga zai sauka, an buɗe mazuban ruwa na ƙasa, matuƙi ya juya yana hira ko yana miƙa kofin shayi. Jirgin ya ja baya kaɗan, bayansa ya hau dakalin. Ruwa na ci gaba da zuba, baya ya maƙale a sama, goshi na bin ruwa ƙasa. Kwanuka sun fara zubowa daga kanta. In ba a ruga an rufe mazuban nan take ba, ruwa zai shiga ta ƙofar gaba, cikin 'yan mintoci ƙarfe mai tan 15 ko fiye ya kwanta a ƙasan lok, ya toshe hanya ga kowa.

Hanya ta biyu ta fi wannan ban haushi. A saman farfela akwai wani murfi da ake buɗewa a zura hannu a ciro ciyawa, leda ko igiyar da ta naɗe. Wanda ya mayar da murfin bai ɗaure shi tamau ba, da ya tada inji, farfelar da kanta za ta riƙa watso ruwa cikin ɗakin inji har bayan jirgin ya yi ƙasa. Sai ta uku, ruwan sama da ke taruwa a jirgin da aka bari wata da watanni, famfon kwashe ruwa ya tsaya don batir ya mutu.

Jirgin da ya nutse, mai shi ne ke da alhakin fitar da shi. Ana buƙatar masu nutso, manyan famfuna, wani lokaci injin ɗaga kaya, ga man dizal da ya malale a ruwa wanda sai an tsabtace. Kuɗin na iya kai dubban fam. Don haka ka nemi wurin da takardar ta yi maganar tsamo jirgi da kawar da gawarsa, ka ga ko akwai, kuma nawa ne iyakar abin da za su biya. Wasu ƙananan inshorori suna da shi, wasu ba su da shi.

Me ya sa kamfanin ke cewa sai na kawo rahoton safiyo?

Domin abin da suke tsoro yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Jirgin zamani yawanci ana ƙera shi da ƙarfe mai kaurin milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 a ɗakin sama, shi ya sa kake ganin 10/6/4 a tallace-tallace. Tsofaffi sun fi haka siranta tun daga masana'anta. Jiragen Springer da aka riƙa ƙerawa a Market Harborough misali ne sananne: suna da araha, suna da masoya, amma ƙarfensu bai da kauri. Shekara da shekaru tsatsa na cin ƙarfen, tana huda ƙananan ramuka musamman a daidai layin da ruwa ke tsayawa.

Idan jirgi ya kai shekara 25 zuwa 30, yawancin kamfanoni ba za su ba shi cikakkiyar inshora ba sai an fitar da shi daga ruwa safiyon jirage ya duba, kuma sukan nemi a maimaita bayan wasu shekaru. Za ka ga safiyon a durƙushe ƙarƙashin jirgin da ƙaramar guduma da na'urar auna kauri, yana kankare kwalta wuri-wuri, yana ɗora na'urar, yana rubuta lamba da alli a jikin ƙarfen. Ramukan tsatsa kuma yana auna zurfinsu ɗaya bayan ɗaya. Lambar da aka fi ji a bakin masu inshora ita ce milimita 4. Inda ƙarfe ya yi ƙasa da haka, sai a cike ramin da walda ko a lulluɓe wurin da sabon ƙarfe, aikin da ke cin kuɗi sosai kuma yake ƙara wa jirgin nauyi.

Abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, ka ɗauki safiyo naka kafin ka biya kuɗin jirgi, kada ka dogara da tsohon rahoton da mai sayarwa ya miƙo maka, don an rubuta shi ne domin wani. Na biyu, rahoton kan zo da jerin gyare-gyare, kuma kamfanin inshora kan mayar da su sharaɗi da wa'adi. Wanda ya ajiye rahoton a aljihun tebur bai yi gyaran ba, yana biyan kuɗin inshorar da ba lallai ta tsaya masa ba.

Ina da takardar shaidar lafiyar jirgi ta Boat Safety Scheme. Ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba. Ita ana sabunta ta duk shekara 4, kuma abin da take dubawa shi ne gas, mai, wayoyin lantarki, murhu, mashigar iska da abin kashe gobara. Tun Afrilun 2019 ta haɗa da ƙararrawar iskar guba ta carbon monoxide. Ba ta auna kaurin ƙarfe. Sai dai in ka bari ta ƙare, ka buɗe wa kamfanin ƙofar yin gardama ranar biya.

Idan jirgin ya salwanta gaba ɗaya, nawa za a ba ni?

Ya danganta da kalma biyu a takardar. Akwai ƙimar da aka amince a kanta tun farko: kai da kamfanin kun rubuta adadi, in jirgin ya tafi, shi za a biya. Akwai kuma ƙimar kasuwa: bayan asara su ne za su ƙiyasta abin da jirgin zai yi a kasuwa a ranar, kuma adadin da ka rubuta ya zama iyaka kawai. Na fi son ta farko, domin waɗannan jiragen ba a samun biyu iri ɗaya. Kusan kowanne an shirya cikinsa ne yadda mai shi ya so, gardamar farashi kuwa ba ta da daɗi ga mutumin da ya kwana a ɗakin aboki don gidansa na ƙasan ruwa.

Ka adana takardar ciniki, rasidai da hotunan jirgin a wani wuri da ba cikin jirgin ba. In ka yi babban aiki, kamar sabon inji ko sabon kicin, ka sanar a ɗaga ƙimar.

A ciki zan zauna. Sai na gaya musu?

Sai ka gaya musu, kuma a nan ne mutane suka fi cutar kansu. Inshorar jirgin shaƙatawa ta fi araha, don haka wani kan ce ai hutu kawai yake zuwa, alhali murhunsa na ci kullum tun daga Oktoba har Afrilu. Kamfanin na kallon wanda ke zaune a ciki daban: wuta ta fi yawa, gas ya fi yawa, kaya sun fi yawa. Ranar da gobara ta tashi, mai binciken da za a turo ba baƙon aikin ba ne. Zai ga tufafin shekara guda, zai ga wasiƙu, zai tambayi maƙwabta a bakin ruwa.

Dokar inshorar masu saye ta 2012, wadda ta fara aiki a 2013, ta ɗora maka nauyin amsa tambayoyin kamfani da kulawa da gaskiya. In ka yi kuskure cikin sakaci, za su iya rage abin da za su biya gwargwadon abin da ya kamata a ce ka biya tun farko. In kuwa da gangan ka ɓoye, suna da ikon soke yarjejeniyar baki ɗaya, su ƙi biyan ko sisi, su kuma riƙe kuɗin da ka riga ka ba su. Ban ga hikimar sayar da rufin kanka saboda ragin da bai kai kuɗin cefanen wata ba.

Mai zama a jirgi ya kuma duba ko akwai kuɗin masauki na wucin gadi yayin da ake gyara. Gyaran jirgin da ruwa ya shiga kan ɗauki watanni, don sai an ɓamɓare katako da abin tare sanyi an bar ƙarfe ya bushe.

Ba ni da wurin ajiye jirgi, yawo zan riƙa yi. Hakan na shafar inshora?

Yana shafa. Mai lasisin yawo ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma haka da yawa daga mazauna Regent's Canal da Kogin Lee a Landan suke rayuwa. Jirginsu na kwana a bakin hanyar da kowa ke bi, ba a tasha mai shinge da kyamara ba, don haka wasu kamfanoni na ƙara kuɗi, wasu na sa sharaɗi kan tsawon lokacin da za a bar jirgi ba kowa a ciki. Wanda ke zuwa gida Najeriya ko Nijar ya yi wata guda ko biyu da salla, wannan layin nasa ne. Ya tambaya a rubuce kafin ya sayi tikiti, ya kuma nemi wanda zai riƙa leƙa jirgin yana matsar da shi.

Kayan da ke ciki fa?

Abin da aka kafe a jirgi, kamar inji, murhu da kantoci, yana cikin ƙimar jirgin. Tufafi, kwamfuta, waya da kayan ado suna buƙatar sashe na daban, kuma yawanci akwai iyakar abin da za a biya kan abu guda. Gwal ɗin uwargida sai an ambace shi da sunansa da ƙimarsa. Kekuna da janareta su ɓarayi suka fi ɗauka, kuma kamfanoni kan nemi alamar an fasa ƙofa ko an yanke kwado kafin su biya. Abin da aka ɗora a rufi ba a ɗaure ba, ka ɗauka kyauta ka bayar.

Faifan sola da batiran lithium ka faɗa musu tun kafin a saka. Wasu kamfanoni na tambayar wanda ya haɗa su da irin batirin.

Ko'ina zan iya zuwa da shi?

Takardar na faɗin iyakar ruwan da ta amince da shi, galibi kanal da kogunan da teku ba ya turo musu ruwa. Inda teku ke cika yana janyewa lamari ne daban: Thames tsakanin Limehouse da Teddington, Kogin Trent ƙasa da Cromwell Lock, mahaɗar Ribble da aka buɗe a 2002 don isa Lancaster Canal, da mashigar Severn daga Sharpness zuwa Bristol. Wasu takardun na yarda da gajeriyar ƙetarawa daga wannan kanal zuwa wancan, wasu sai ka kira tukuna, wasu kuma sai ka ɗauki jagora mai lasisi. Jirgin nan gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba a yi shi don igiyar ruwa ba. In kai kaɗai kake tuƙi, ko kana son tafiyar dare, ka duba waɗannan ma.

Hunturu na da nasa sharuɗɗan?

Yana da su. Ruwan da ya daskare a bututu yana fasa shi, in ya narke ya jiƙa jirgin daga ciki. Takardu da yawa ba sa biyan ɓarnar ƙanƙara sai in ka zubar da ruwan bututu ko ka ɗauki matakan da suka lissafa. Haka kuma babu inshorar da ke biyan tsufa, tsatsa ko rashin kula. Shafa wa gindin jirgi kwalta duk shekara 2 ko 3 daga aljihunka zai fito.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba a cikin masu jirage. A Maris 2018 gaɓar kanal ta ɓalle a Middlewich, ruwa ya tsere ya bar jirage zaune a taɓo, haka kuma ta faru a Bridgewater Canal kusa da Dunham Massey a ranar farko ta 2025. Yana da kyau ka tambayi kamfanin me suke biya idan jirgi bai lalace ba amma ya maƙale.

Idan inji ya mutu a hanya?

Wannan ba aikin inshora ba ne. Ana yin rajista daban da masu agajin jirage irin River Canal Rescue. Wasu kamfanonin inshora na haɗa ɗan wani abu daga ciki a farashinsu.

Zan iya ba da haya ko aro?

Aro ga aboki yawanci ba matsala in da izininka, amma ka karanta sharaɗin shekaru da ƙwarewa. Haya kuwa, ko ta dare ɗaya ce ta Airbnb, ta fitar da kai daga inshorar mai zaman kansa. Tana buƙatar lasisin kasuwanci daga hukumar ruwa, binciken lafiyar jirgi mai tsauri, da inshorar kasuwanci.

Ni Musulmi ne. Ina matsayin wannan a addini?

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta kuma amince da tsarin taimakekeniya, wato takaful, irin wanda kamfanoni kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi a Najeriya. Malamai da dama sun yi rangwame kan inshorar da hukuma ta tilasta, bisa lalura, kuma ta fam miliyan 2 ɗin nan tilas ce. Cikakkiyar ita ce wurin saɓani. Ka kai wa malamin da ka amince da shi maganar yadda take: jirgin shi ne gidan iyali, kuma rashinsa na nufin rashin matsuguni. Ya fi kyau ya yi maka fatawa a kan ainihin halinka.

Yaya zan kwatanta farashi?

Cikakkiyar inshorar jirgi matsakaici yawanci 'yan ɗaruruwan fam ce a shekara, har da harajin inshora na kashi 12 cikin 100. In ka auna da kuɗin lasisi da na wurin ajiya, ita ce ƙarama, don haka ba nan ne wurin tsimi ba. Akwai kamfanoni da dillalai da suka ƙware a jiragen kanal, irin su GJW Direct, Craftinsure da Haven Knox-Johnston. Ka nemi farashi daga uku, ka ba su bayani iri ɗaya, sannan ka ajiye takardun gefe da gefe.

Ka fara da kason da kai za ka biya daga aljihunka a kowace asara kafin su ɗora nasu, domin sau da yawa farashi mai sauƙi yana ɓoye kaso mai nauyi. Daga nan ka karanta shafin abubuwan da ba sa biya, tun kafin shafin alkawura. Wasu na yin ragi ga wanda ya yi shekaru bai nemi diyya ba, ko mai takardar koyon tuƙi ta ƙungiyar masu jiragen ruwa ta RYA. Ka tabbatar sunan kamfanin ko dillalin yana rajistar hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, Financial Conduct Authority. Bayan ka saya kana da kwana 14 na sake shawara.

Sun ƙi biya. Shi ke nan?

A'a. Ka nemi su rubuta maka dalilin, su nuna sakin layin da suka dogara da shi. Ka shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin, suna da mako 8 su ba ka amsa ta ƙarshe. In ba ka gamsu ba, ko wa'adin ya wuce shiru, ka kai maganar ofishin sasanta ƙorafe-ƙorafen kuɗi, Financial Ombudsman Service, cikin wata 6 daga ranar amsarsu. Ba a biyan kuɗi, ba a buƙatar lauya, kuma in ka karɓi hukuncin, ya hau kan kamfanin. Abin da za su nema a wurinka shi ne takardar inshorar, rahoton safiyo, rasidan gyaran da ka yi, hotunan ranar da abin ya faru, da duk saƙon da kuka yi musaya da kamfanin tun ranar farko.